Layyar Da Ba A Kira Kakana Yanka Ba

Har yau idan na ji ana wasa wuƙa a kan dutse, shuu, shuu, sai gabana ya faɗi. Nan take nakan ga kaina a gidanmu na Djougou da hantsin wata Babbar Sallah, na laɓe a bayan ƙyauren zaure ina leƙen wani tsoho cikin fararen kaya, yana ta wasa wuƙar da tun jiya ta gama kaifi. Na rubuto muku ne don in sauke abin da ya daɗe yana danne mini ƙirji. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mutanen gidanmu sun riga sun sha wuyar bakina sau ɗaya, ya ishe su.

A wancan lokacin ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Parakou. Muna zaune a unguwar Kpébié, mahaifina dillalin shanu ne a kasuwar Tourou, amma asalinmu mahautan Djougou ne tun kaka da kakanni. Ni ce ta farko a zuriyarmu, mace ko namiji, da karatun boko ya kai ta wannan aji, kuma an bar ni na san da haka. Yarinya ce ni mai shiru da yawan kallon sama. Mahaifiyata takan ce in an aike ni sayen gishiri sai na tsaya na gaisa da gajimare tukuna. Ina rubuta waƙoƙi da Faransanci, ina karanta wa kaina a bayan ɗaki, ina jin daɗin yadda kalmomin ke sauka a kunne. A ganina na lokacin, duk maganar da ta yi kyau ta halatta a faɗe ta. Ban taɓa yi wa kowa mugunta da gangan ba, shi ya sa na ɗauka ba zan iya cutar da kowa ba.

Kakana na wajen uba shi ne mai yanka a unguwarmu ta Djougou. Ga wanda bai san fawa ba, ba duk mai sayar da nama ne ke yanka ba. Wuƙa ana damƙa ta ne ga mutumin da jama'a suka yarda da sallarsa da tsarkinsa, domin abin da ya yanka shi kowa zai kai bakinsa ba tare da tambaya ba. Kakana ya riƙe wannan wuƙa tun kafin a haifi mahaifina. Ko da tsufa ya ci ƙarfinsa ya bar yankan kullum ga wasu, ranar kasuwa shi ke buɗe mayanka da sa na farko. Samari su kayar da sa su ɗaure, su fuskantar da shi alƙibla, shi kuma ya taho da sandarsa a hankali. Hannun da ke rawa in ya riƙe kofin shayi, da ya kama ƙotar wuƙa sai ya tsaya cik. Ranar layya kuwa, da liman ya yanka nasa, sai a fara turo yara gida-gida a zo a ɗauki tsoho, domin kowane magidanci yana so ragonsa na farko ya faɗi a hannunsa. An san ya yi sojan Faransa a samartakarsa, kuma an san masa halaye biyu da ba a taɓa tambayar dalilinsu ba: ba ya tsayawa inda ake babbakar kai da ƙafa, kuma da an fara Faransanci a rediyo yake miƙa hannu ya kashe. Ni kuwa matarsa yake ce mini, kamar yadda kaka ke wasa da jika. Ina isa Djougou zai fara ƙorafin cewa amarya ta zo hannu rabbana, ni kuma in ce miji marar haƙori ba a yi masa tsaraba.

A shekarar ne malaminmu na tarihi ya koyar da mu yadda Jamus ta mamaye Faransa a babban yaƙin duniya na biyu, da yadda wasu suka shige daji da duwatsu suna yaƙar 'yan mamaya a ɓoye, waɗanda ake ce wa maki. Labarin ya shiga raina sosai. Da na je hutu Djougou, ina zaune kusa da kakana ina yi masa burgar ilimi, sai ya ce mini ba tare da ya ɗago ba, ai waɗannan mutanen ya ci burodinsu, kuma ba su da kyau kamar yadda littafina ya zana su, ƙwarƙwata ce ta ishe su. Daga nan na hana shi sakat. Na yi roƙo, na yi shagwaɓa, na ce zan yi yaji in bai gaya mini ba. Wata rana bayan la'asar ruwan sama ya tsare mu a zaure mu biyu, sai ya buɗe baki.

Ya ce ba da son ransa ya tafi ba, an ce kowace unguwa ta ba da samari, aka nuna shi. Bai daɗe a fagen daga ba Jamusawa suka kama su, suka tsare su a wani sansani a cikin Faransa, suna sa su saran itace cikin sanyin da ke tsaga fatar hannu. Abokansa da yawa tari ya kashe su. Wata rana a wurin saran itace ya sulale, ya yi ta tafiya har ya faɗi a bayan wata gona a gindin duwatsu. Manomin da matarsa suka ɓoye shi a ɗakin ciyawa, alhali sun san in aka same shi a wurinsu, ransu ne a bakin bindiga. Daga baya ya gane gonar ce ke ciyar da mutanen daji. Jamusawa sun ƙidaye dabbobin kowa suna kwashewa, saboda haka manomin ya ɓoye wasu aladu a wani rami. Matsalar ita ce alade in za a kashe shi ihunsa na kaiwa nesa, kuma akwai sojoji a bakin hanya. Manomin ya tsufa, hannunsa ba ya sauri. Kakana ɗan mahauci ne, ya san inda ake kamawa da inda ake sa wuƙa dabba ta tafi ba ta ce uffan ba. Ya ce ya kalli mutanen da suka ba shi mafaka suna rawar jiki don tsoro, sai ya karɓi wuƙar. Duk hunturun ƙanƙarar nan shi ke yankawa, shi ke feɗewa, shi ke ɗaukar naman a buhu ya hau da shi dutse. Kuma ya ci, domin babu wani abin ci.

Amma ba cin ne ya fi damunsa ba. Ya ce ranar farko, da ya ɗora wuƙa a wuyan dabbar, bakinsa ya riga hankalinsa, ya ji kansa ya yi bisimilla kamar yadda mahaifinsa ya koya masa tun yana yaro. Ya ambaci sunan Allah a kan alade. Ya ce tun daga ranar bai taɓa ɗaga wuƙa ba sai wannan ya faɗo masa, kuma duk yankan da ya yi wa jama'a a rayuwarsa yana yi ne yana roƙon Allah Ya goge masa wancan da wannan. Ƙarshen gonar kuwa, wata rana yana kan dutse ya hango hayaƙi. Wani ya kai tsegumi. Jamusawa suka rufe manomin da matarsa a ɗakin ciyawar da shi yake kwana, suka cinna wuta. Da ya sauko bayan sun tafi, ƙaurin da ya tarar shi ne dalilin da ya sa ba ya iya tsayawa wurin babbaka. Da ya gama sai ya ce mini kakata ma an binne ta ba ta ji wannan ba, ya gaya mini ne don tsakanin miji da mata babu ɓoye-ɓoye, amma amana ce, in bar ta a nan zauren. Na ce na ɗauka. Da gaske nake a lokacin, har kuka na yi.

Da muka koma makaranta, wani gidan rediyo a Parakou ya sa gasar waƙa ta 'yan lise a kan jarunta, wadda ta yi fice za a kira mai ita ta karanta da bakinta. Na zauna zan rubuta wani abu dabam, amma labarin kakana ya ƙi barina. Cikin yini ɗaya waƙar ta fito, kuma ban taɓa rubuta abin da ya kai ta ba. Na sa ramin aladun, na sa buhun nama a kan dutse, na sa hayaƙin. Baitin da na fi ƙauna shi ne na bisimillar, ina ganin babu abin da ya kai shi kyau: yaro baƙo a ƙasar sanyi, sunan Ubangijinsa ya suɓuce masa a inda bai dace ba. Zuciyata ta tuna mini da amanar, amma na iya lallashin kaina. Na ce ai ban faɗi sunansa ba, na ce kawai kakana mai yanka a Djougou, kamar akwai irinsa goma. Na ce girmama shi nake yi, duniya ta san baƙaƙen da littattafai suka manta. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne harshen. Mu 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, mun ɗauki Faransanci kamar ɗaki mai ƙofa, in mun shiga mun rufe, iyayenmu ba sa jin abin da muke faɗa a ciki. Mahautan unguwarmu Hausa da Dendi suke ji, shi kuma tsohon da ke jin Faransanci ba ya barin sa ya shiga kunnensa. Saboda haka da waƙata ta yi fice, ni da kaina na buga waya Djougou na gaya wa gwaggona ranar da za a ji ni a rediyo. Ina so su ji muryata su yi alfahari, ba tare da sun san me take cewa ba.

Ranar ta zo, na karanta waƙar a rediyo. Mai gabatarwa ya faɗi sunana da sunan gidanmu har sau biyu, ya ce idonsa ya kawo ruwa. Malamaina suka yi mini barka, ƙawayena suka raka ni gida suna guɗa. Kwana kaɗan bayan haka mahaifina ya dawo daga Tourou tun rana ba ta yi tsaka ba, abin da bai saba yi ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya zauna a kan tabarma da takalminsa a ƙafa, ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da masu motar shanu suka zo da shi daga Djougou. Na ce gaskiya ne. Ya ce to na yanka su da wuƙar da ba ta da ƙota.

Maganar ta riga ta zaga gari. Ba a ce tsoho ya ciyar da masu yaƙi da zalunci ba, ba a ce an kusa ƙona shi da rai ba. Abin da ya tafi baki-baki shi ne, hannun da ya yi bisimilla a kan alade shi ne ke yi wa Musulmi yanka shekara da shekaru. Limamin unguwa, Allah Ya saka masa, ya tashi a masallaci ya ce larura ce, wanda yunwa da tsoro suka tilasta babu laifi a kansa, kuma yankan tsoho halal ne jiya da yau. Mutane suka gyaɗa kai a masallaci, amma kasuwa ba masallaci ba ce. Matan da suka saba aikowa teburin baffana, ƙanen mahaifina, suka fara aikawa wani wuri, wai zuciya ce ba ta kwanta ba. Wani mahauci da ke kusa da shi ya riƙa ɗaga murya yana kiran masu saye su zo ga naman da ba a tambayar asalinsa. Naman baffana ya riƙa kaiwa yamma ƙudaje na bi. Yara suka koyi yin gurnanin alade in tsoho zai wuce masallaci, sannan su watse da gudu. Ranar kasuwa ta zo, sarkin fawa ya aiko a gaishe shi, a ce masa ya huta, shekaru sun ja, an samu wanda zai buɗe mayanka. Wani Bafulatani daga ƙauyen Pélébina, tsohon amininsa, shi kaɗai ya tako har gida ya zauna da shi yini guda.

Sallah ta zo bayan 'yan makonni, muka je Djougou kamar kullum, ni dai jan ƙafa nake yi. Da aka sauko daga idi, kakana ya zauna a ƙofar gida inda ya saba zama a jira 'yan aike. Ya sa farar rigarsa, ya ajiye sandarsa a gefe, ya ɗauko dutse ya fara wasa wuƙa. Ina bayan ƙyaure ina kallo. Muna jin kabbara daga gidajen maƙwabta, muna jin kukan raguna yana yankewa ɗaya bayan ɗaya. Yara suna wucewa da gudu da kwanoni, babu wanda ya tsaya. Duk wanda ya ɓullo kan layi sai tsoho ya ɗan ɗago, in ya wuce sai ya koma kan dutsen. Rana ta take, inuwar bango ta janye daga kansa, bai tashi ba. Ƙarshe baffana ya fito ya durƙusa a gabansa, kansa a ƙasa, ya ce ya kira wani malami ya yanka na gidan, domin in ba haka ba maƙwabta za su mayar da naman da za a kai musu, kuma yara za su gani. Kakana ya ce ya yi daidai. Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa, ya naɗe ta a tsumma, ya shiga ciki. Ya wuce ta gabana har rigarsa ta taɓa ni.

Da yamma na shiga ɗakinsa da niyyar in faɗi a ƙafarsa. Na tsuguna, maganar ta ƙi fita. Ni da nake da kalmomi ga gajimare da hayaƙi, na rasa guda ɗaya. Shi ne ya tambaye ni ko na ci abinci, ya tambayi yaushe ne jarrabawa, ya ce amarya ta rame, ko kishi take da tsofaffin unguwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari na ce ina da karatu, na hau mota na gudu Parakou. Hutu ya zo ban je ba. Ya aiko gwaggona ta ce mini mijina ya ce yajin ya isa haka, ya yi biko. Na ce sai bayan jarrabawa. Na ji ana cewa ya daina fita sai sallah, daga baya ma a ɗaki yake yi. Bai ga wata layyar ba. Na isa Djougou an riga an dawo daga maƙabarta.

Shekaru na yi ina neman wanda zan raba laifin da shi, kuma na samu. Baffana yana da ɗa, yayana, wanda ya yi lakwal kaɗan ya bari ya koma fawa. Na tabbatar wa kaina shi ne ya saurara ya fassara wa mutane, don haushin na wuce shi a karatu. Na daina gaishe shi. Aurensa ban je ba. Shi kuwa bai taɓa kare kansa ba, in mun haɗu sai ya gaishe ni ya wuce.

Abin da nake so 'yan'uwana masu karatu su ɗauka daga nan, musamman masu son rubutu irina, shi ne labarin da tsoho ya ba ki a zaure ba naki ba ne don ya shiga kunnenki. Shi ya biya shi da jikinsa, kuma shi ne zai ci gaba da zama a unguwar bayan an gama tafa miki. Kyan magana ba izini ba ne, kyakkyawar niyya kuma ba ta mayar da abin da baki ya saki. Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa harshen makaranta ɗaki ne mai ƙofa, babu maganar da ba ta da hanyar komawa gida. In kuwa an riga an yi ɓarnar, a koma a durƙusa tun mai yafewa yana numfashi. Karya amanar da na yi kuskuren yarinta ne, amma ƙin amsa bikon da ya yi mini, wannan ragwanci ne, kuma shi ya fi ci mini rai. Ban sake rubuta waƙa ba tun daga lokacin. Wannan ne abu na farko da na rubuta, shi ma da Hausa, bayan baffana da mahaifina sun ce in rubuta.

Bara na je Djougou suna. Ina gaida tsofaffi a ƙofar gida sai wani makaho, ɗaya daga cikin dattawan mahauta da suka rage, ya riƙe hannuna ya ce wannan muryar ya san ta, ta rediyo ce. Na so in zame, ya ce in zauna. Ya ce ranar da na karanta waƙar, kakana da kansa ya bi su gida-gida ya gayyato su, ya sayi sabon batir da goro, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a zaure, wai su zo su ji matarsa za ta yi magana a rediyo. Yayana aka sa ya riƙa fassarawa. Da na iso wurin aladun sai yayana ya daburce, ya ce musu yabon jaruntar tsoho kawai nake yi, ya kai hannu zai rage murya. Kakana ya buge hannun, ya ce yarinyar ba ƙarya take yi ba, kuma ba za a yi ƙarya da bakinta a gabansa ba. Shi ya karɓi fassarar, baiti bayan baiti, har bisimillar, bai tsallake komai ba. Daga baya ya hana yayana gaya mini. Makahon ya ce da na gama kowa ya sunkuyar da kai, an rasa mai ɗaukar goro. Sai kakana ya kashe rediyon, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su ko sun ji yadda matarsa ta iya magana.